Gilashin Baba Zibi

Gafaru direba ne, haifaffen Zongon Kumasi, kuma duk wanda ya taɓa zama ɗaki ɗaya da shi a unguwar Mesaimeer ta birnin Doha zai shaide shi da abu biyu: ba ya makara, kuma zuciyarsa a kusa take. Ko ƙuda ne ya sauka a kan sitiyarinsa sai ya sha faɗa. A shekararsa ta huɗu a Doha kamfani ya haɗa shi da wani dattijon injiniya ɗan ƙasar Poland, mai aikin na'urorin sanyi a ɗaya daga cikin filayen ƙwallon da ake ginawa. Da safe ya ɗauko shi daga unguwar Al Mirqab, da yamma ya mayar da shi.

Sunan dattijon Zbigniew. Kwana uku Gafaru yana kokawa da sunan, harshe ya ƙi, ya haƙura ya koma kiransa Baba Zibi. Wata rana a cunkoson motoci ya tambaye shi ma'anarsa. Dattijon ya ce tsofaffin kalmomi biyu ne na yarensu aka haɗa, ɗaya kawar da abu, ɗaya fushi, wato mai kawar da fushi. Ya ce sunan ya yi ɗaruruwan shekaru, tun zamanin da iyaye ke raɗa wa ɗa halin da suke masa fata, kuma shi daga kakansa ya gada.

"Naka fa?" in ji dattijon.

"Abdul-Gafaru. Bawan Mai gafara."

Baba Zibi ya dubi hannun Gafaru da ke danne a kan hon, ya yi dariya har da hawaye. A ƙasarsu, in ji shi, kowane suna yana da ranarsa a kalanda, kuma mai sunan ne ke rabon kayan zaƙi. Ranar sha bakwai ga Maris kuwa, ranar sunansa, sai ga shi da kwalin alewa, ya fara miƙa wa direbansa.

Ana haka korona ta shigo. Bayan ƙaramar sallar shekarar 2020 Gafaru ya tashi da zazzaɓi da ƙaiƙayin maƙogwaro. Ya san abin da ya kamata ya yi. Amma ya ga an killace wani direba, kafin ya fito an ba wani motarsa, ga matarsa Wasilatu a gida da tsohon ciki. Sai ya dafa citta da lemun tsami, ya sha ƙwayar magani, ya ninka takunkumi biyu, ya fita aiki. In tari ya taso ya haɗiye shi har idanunsa su kawo ruwa.

A kwana na biyu Baba Zibi ya sauke gilashin baya. Mutumin da ko ƙofar mota ba ya son a daɗe da buɗewa saboda zafi, ga shi zaune iskar Yuni tana gasa masa fuska. Gafaru ya ji haushi, yana ƙunƙuni a ransa cewa Bature ya fara ruɗewa.

Mako bai cika ba aka kwantar da dattijon a asibiti. Ba a shiga dubiya. Gafaru ya warke, dattijon kuwa bai fito da rai ba.

Tun yana yaro aka koya masa cewa haƙƙin mutum sai mai shi ya yafe, shi ya sa ake neman gafarar mara lafiya tun yana numfashi. Shi wa zai roƙa? Abin da ke cinsa ɗaya ne: ko dattijon ya gane, ko da fushinsa ya tafi. Shekara biyu da rabi ba ya duban madubin tsakiya sai dole, don ji yake in ya ɗaga ido zai tarar da farin kan nan a kujerar baya. Faɗan ma ya daina. Abokan ɗakinsa suka ce Gafaru ya yi hankali, ba su san tsoro ba ne.

Da gasar cin kofin duniya ta zo, gari ya cika da tutoci, wani mutum ya kira shi a waya. Ya ce shi ɗan Zbigniew ne, a wayar mahaifinsa ya sami lambar, yana son a nuna masa filin da uban ya yi wa aiki. Gafaru ya kai shi. Da suka fito ya zarce da shi bakin ruwan Al Wakrah, inda dattijon ke son tsayawa kallon kwale-kwalen masunta. A nan, da rana tsaka, ya kashe mota ya faɗa masa komai, bai rage ko cittar ba.

Mutumin ya dubi ruwa.

"Na sani," ya ce. "Baba ya faɗa mini a waya tun kafin ya kwanta. Ya ce direbansa yana ɓoye tari, matarsa ta kusa haihuwa, in ya kai rahoto aikinsa zai tafi. Na roƙe shi ya canza mota. Ya ce ba komai, zai buɗe taga."

Gafaru ya kifa kai a kan sitiyari. Da ƙyar ya iya cewa, "Ke nan ya yafe mini?"

"Shi ko fushi bai yi ba." Mutumin ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya a waje. "Amma ni ba sunana Zbigniew ba."

Ya tsayar da tasi ya tafi.

Gafaru yana nan yana tuƙi a Doha. Fasinjoji kan yi ƙorafin zafi, su ce ya ɗaga gilashin baya. Sai ya ba su haƙuri, ya ce ya lalace.