Ranar da Muka Kashe Inji Saboda Baƙi

Ina tsugune a tsakar gida ina tankaɗe labarin ya iso, kuma har in koma ga Mahaliccina ba na jin zan manta da shi. Maigidana ne ya faɗo gidan da hula a hannu, ko sallama bai yi ba, abin da ban taɓa gani gare shi ba. Ya ce, "Maman yara, aje rariyar nan ki ji. Masu izin ɗin man gyaɗa na Maraɗi za su zo ganin injinmu." Izin shi ne abin da muke kiran babbar masana'anta. Na ce masa Allah ya sa alheri ne, ya ce alheri ma ya wuce nan.

A lokacin ba a daɗe da karya darajar kuɗinmu na sefa ba. Muna da injin markaɗen gyaɗa da matsar mai a nan Madarumfa, a kan hanyar tabki. Da guminsa Malam, maigidana, ya kafa shi tun kafin ya aure ni. Mata na zuwa da soyayyar gyaɗa daga ƙauyuka, wasu har daga Sarkin Yamma, su yi layi da ƙorensu tun hantsi, ana markaɗe ana gardama ana dariya. Amma injin ya tsufa, kayan gyaransa daga waje ake kawowa, kuma tun da kuɗi suka faɗi sun fi ƙarfinmu. Shi kansa Malam tari ya soma zama masa a ƙirji. Ya sani in ba a sami mai ƙarfi ya riƙe wurin ba, aikin rayuwarsa zai mutu.

Sai daga baya na fahimci ko su wane ne baƙin. Wasu masu kuɗi ne a Turai suka haɗa jari, suka sayi izin ɗin da araha. Ba son mai ya kawo su ba, ba kuma son Maraɗi ba. Sun saye shi yadda ake sayen ramammen rago a ɗaure a turke, a yi ta ɗura masa dusa har Layya ta matso a sayar. Dusar kuwa ita ce ƙananan injuna irin namu. Guda ɗaya za su ɗauka a yankinmu, ko namu ko na wani mutum a Ɗan Issa. Wanda aka zaɓa za a kawo masa sabon inji, a bar shi yana riƙe da wurin.

Malam yana da wa da muke ce wa Yaya, dattijo mai son a ce ya san duniya don ya taɓa zama Yamai. Shi ya karɓe shirin tarbar. Ina bayan zana ina jin sa yana cewa, "Manyan mutane za su zo, ka bar wannan ƙazamin abu yana musu ihu a kunne? A kashe shi. Kuma dubi ƙasar nan, duk ta yi baƙi da mai. Abin kunya." Aka ɗebo farin rairayi a amalanke aka rufe filin kaf, wurin da shekara da shekaru mai ke zuba. Aka goge inji aka lulluɓe shi da sabon zane kamar amarya. Ganguna cike da mai kuwa aka mirgina su bayan gidanmu, domin Yaya ya ce ba a baje arziki a gaban baƙo, baki yana kama dukiya. Malam bai musa ba. Shi ma da wannan tarbiyya ya tashi, kuma ba ya ɗaga murya a gaban wansa.

Ranar da za su zo, mata suka taru da safe kamar kullum, aka ce su koma sai gobe. Wata tsohuwa da ta tako daga nesa ta sauke ƙwaryarta, ta dubi farin rairayi, ta dubi lulluɓaɓɓen inji, ta ce wa Malam, "Ɗan nan, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Inna. Baƙi gare mu, masu son sayen wurin."

"To mi za su saya? Shirun?"

Aka yi dariya, har da shi. Yaya ya daka mata tsawa, ta ɗauki gyaɗarta ta tafi tana mita.

Wajen azahar motarsu ta iso. Mutum biyu ne: wani Nasara dogo da zafi ya mayar ja, da wani ɗan birni mai kwat da baƙin tabarau, shi ne mai fassara, shi ne kuma mai yawan magana. An yanka rago, an soya manyan kifayen tabki, na dama fura da hannuna. Ɗan birnin ya ci kamar an aiko shi cin abinci, har yana tambaya ko da sauran hanta. Sai da suka ƙoshi suka miƙe don ganin abin da ya kawo su. Nasaran ya ɗaga gefen zanen da yatsa biyu, ya leƙa, ya saki. Bai ce a tayar ba. Ya dubi filin wayam, ya yi magana da Faransanci, ɗan birnin ya juyo ya ce, "Patoro, wato ubangidana, yana tambaya, yaya kasuwa?"

Malam ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhamdu lillahi, ana dai lallaɓawa."

"Mata na zuwa da yawa?"

"To, gwargwado. Wata rana a samu, wata rana a yi haƙuri."

Duk wanda aka haifa a ƙasar nan ya san abin da wannan amsa take nufi a bakin mutum mai kunya. Ɗan birnin ma ya sani, da Hausa aka yi masa goyo. Amma ya juya ta ga ubangidansa tsirararta, yana taɓe baki. Na ga Nasaran ya gyaɗa kai yana duba agogo. Ba su tambayi maƙwabci ko ɗaya ba, ba su leƙa kasuwa su ji man wa ake saya ba, ba su ce za su kwana su ga safiya ba. Kafin la'asar sun shiga mota, da ragowar naman a kwano. Ɗan birnin ya leƙo ta taga ya ce, "Mun gani, mun ji daɗi. Za mu dawo bayan damina." Yaya ya yi ta kai da kawo yana cewa, "Kun gani? Tarba ita ce komai."

Malam ya ɗauki maganar nan tamkar alkawarin dattijo. Ya ce kada sabon inji ya zo ya rasa wurin zama, sai ya soma gina masa ɗaki a gefen tsohon. Da kansa yake buga tubali da sassafe, yana tari yana dafe bango. In na ce ya huta sai ya ce, "Maman yara, mutane sun ce za su dawo. Su zo su tarar ban shirya ba?"

Damina ta wuce, aka yanke gero, ba mota ba saƙo. Wani direban da ke bin hanyar iyaka ne ya gaya mana an shafa wa injin Ɗan Issa fentin izin, wato shi suka zaɓa. Mutumin can, da ya ji suna tafe, ya tara matan unguwa da na ƙauye, ya tayar da inji tun asuba, ya jera ganguna har bakin titi, ya tsaya cikin riga mai maiƙo yana rantsuwa cewa rabin Katsina mansa take ci. Ko ruwan kirki bai ba su ba. Yaya ya tafi Maraɗi neman bayani, ya yi zaman jira a ƙofar biro, ofishin izin, har ɗan birnin ya fito. Abin da ya ce masa shi ne, "Baba, mun zo mun tarar da inji a kashe, ba mace ko ɗaya, ƙasa fes kamar ba a taɓa aiki ba. Mai wurin da bakinsa ya ce lallaɓawa yake yi. Me kake so mu saya?" Yaya ya dawo yana zagin 'yan boko marasa tarbiyya. Har ya bar duniya bai taɓa cewa shawararsa ce ba.

Malam bai zagi kowa ba. Ya saurara har ƙarshe, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, ya shiga ɗaki. Bai sake taɓa tubali ba. Da rani injin ya tsaya, aka rasa abin gyara, matan suka koma wani wuri. Kafin wata damina tarin ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa. Masu jarin kuwa ba su daɗe ba suka sayar da ragonsu ga wasu, suka kama gabansu. Ban san ko sun taɓa riƙe sunan garinmu ba.

Abin da na koya, kuma nake gaya wa 'ya'yana, shi ne a rarrabe baƙon da ya zo zumunci da wanda ya zo kimanta ka. Na farko a shimfiɗa masa tabarma. Na biyu a bar shi ya tsaya cikin hayaniya da maiƙo ya ga aikinka yadda yake, domin kunyarka ba ta cikin abin da ya zo aunawa, kuma ba zai wahalar da kansa ya nemi abin da ka ɓoye ba.

Ɗakin da Malam ya soma yana nan. Ginin ya tsaya daidai taga, ba a yi masa rufi ba.