Hannun da Ya Yi wa Kakata Kitso

Warin man kaɗanya ne ya dawo mini da abin. Saura kwana biyu sallah, a shekarar da korona ta kulle mu a unguwar Danau Kota, can ƙasar waje, 'yata ta buɗe kwalbar ta zauna tana kuka. Matar da ke yi mata kitso tana wata unguwa, Kampung Baru, babu halin zuwa, uwarta kuwa ba ta taɓa iya kitso ba.

Karatu ne ya kawo matata nan, ni kuma ina sayar wa ɗalibai kayan abinci. Littattafan labari na mutanen ƙasar Dominika take nazari, kan abin da suke ɗauka shi ne namiji. A kullen nan ta karanta mini da yawa. Namiji ba ya kuka, ba ya taɓa aikin mata, kuma sai ya tara 'yan mata ake ganin ya isa. Na ce mata ban da na ƙarshen, ai da su aka raine ni. Sai dai akwai abin da ban taɓa gaya mata ba, bari in faɗa muku bi da bi.

Kakana mahauci ne, kuma tsohon ɗan dambe. Bayan girbi, idan aka kafa fage, har ya tsufa samari na zuwa ya ɗaure musu hannu da igiyar da ya tufka da kansa. Ba ya yawan magana. Shi ya hana ni kuka ranar kaciya, da kallo kawai.

Wata damina kakata ta yi zazzaɓi mai tsanani. Ta warke, amma rabin gashinta ya zube. Ta daina zuwa gun mai kitso, domin ta san abin da ido ya gani a can, kafin la'asar ya gama gari. Ɗankwalinta bai ƙara sauka a gaban kowa ba.

Wata Juma'a da hantsi aka aike ni ɗakinta da fura, na shiga ba sallama. Tana zaune a tabarma, kakana na kan turmi a bayanta, da kibiyar kitso a bakinsa. Da farko ya shafa man kaɗanya. Sannan ya tsaga. Sannan ya kama 'yan silin da suka rage yana tufkawa a hankali, yana jawo su ta inda za su rufe gurbin. Ita kuwa sai faɗa take: "Ka ja da ƙarfi mana, ba kai ne mai ka da maza ba?" Yana dariya har kafaɗarsa na rawa. Ban taɓa jin dariyarsa irin wannan ba.

Ga kuskurena. Da yamma yara na gardamar kakan wa ya fi, wani ya ce nasa ya kashe kura. Ni kuma na ce, "Nawa har kitso ya iya!" Wallahi yabo na ɗauka.

Ranar kasuwa ina riƙe masa faranti, mahauta suna ta satar kallonsa. Sunan da ya shekara arba'in yana tarawa ne ake shirin yi wa dariya, kuma ni na jawo. Can wani matashi ya ajiye kibiya a kan teburinsa.

"Baba, uwargidana ma tana son shuku."

Kakana ya ɗaga ta, ya gwada tsininta a yatsa, ya ce ta dakushe. Sannan ya ce, "Hannun nan mace ɗaya yake yi wa kitso. Maza kuwa, kowa ya zo yanzu." Ya dunƙule shi ya ɗora a tebur. Rumfa ta kaure da dariya, matashin ya durƙusa yana jinjina masa. Ba wanda ya ji dalili, domin bai faɗa ba.

A hanya ina jiran bulala, sai ya kama kunnena. "Kai mai ƙwace mini mata, saurara. Nawa ka faɗa wa duniya. Nata kuwa, ko uwarka kada ta ji." Na riƙe har bayan ransu, kuma gashin ma ya dawo kafin wata daminar.

To, ranar nan na ce 'yata ta kawo mataji ta zauna. Matata ta ajiye littafi tana kallona. Na shafa mai, na tsaga, na tufka. Awa biyu na yi, layukan sun karkace kamar kunyar sabon manomi, amma sun zauna.

Yanzu mazan da na sani sun fi kakana surutu, kuma sun fi shi tsoron a ce. Ni ma ina cikinsu, domin da safen sallah, da 'yata za ta gaida 'yan'uwa da ɗaliban da ke sayayya a wurina ta waya, gabana ya faɗi. Ta rufe wayar da hannu ta raɗa mini, tana neman izini da yaren mutanen nan, "Abba, boleh? In ce kai ka yi?"

Na gyara hulata. Na ce, "Faɗa musu. Ki ƙara da cewa mace ɗaya nake yi wa."