Sojojin Dalma Marasa Takalmi

Ina sana'ar rubuta allunan shaguna a Balad, tsohuwar unguwar wani birni kusa da Makka, lokacin da wani injiniya Bafaranshe ya kawo mini aikin da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Kwali ya zazzage a kan teburina, sai ga sojojin dalma, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Wai shi da abokansa ke jera su ranar Juma'a suna yaƙi da su, manya da gemunsu. Baƙaƙen sojojin zamanin mulkin mallaka ne, yana so in yi musu fenti daidai da kamanninsu na da. Ya ji an ce mahaifina ya yi sojan Faransa kafin ya tako zuwa Makka.

Na kai wa Baba guda ɗaya gidansa a unguwar Ruwais. Ya juya shi a tafin hannu, ya ce hular ja ce, ɗamarar ma ja, kakin kuwa ya fi na littafin hotunan da Bafaranshen ya nuna mini koɗewa. Ni ƙafafun nake kallo. Baturen hafsa ɗaya da ke kwalin takalminsa har gwiwa, namu su arba'in ba mai ko silifa.

Da na yi wa injiniyan magana, sai ya buɗe littafinsa yana murmushi. Wai su ne ba sa son takalmi, sun fi sakewa haka. Na ji kamar in watsa masa fenti, amma baƙo mai iƙama, takardar izinin zama, a aljihu ba ya dogon musu. Na haɗiye.

Sai na rama ta hanyata. Kwana uku ina zana wa kowanne baƙin takalmi, har da igiya. Kafin in miƙa aikin na kai wa Baba, ina jiran yabo.

Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Wa ya ba su wannan?"

Na ce, "Ni, Baba. Ba zan bari a yi wasa da ku ƙafa ba takalmi ba."

Ya miƙo ƙafarsa, diddige duk faso, babban yatsa ba farce. Ya ce, "Shekara bakwai, ya waladi, ɗana, a kan ƙaya da tsakuwa. Mun roƙa, aka ce takalmi na Nasara ne. Bafaranshenka ya ce ba mu so, kai ka ce an ba mu. Ku biyun duk kun wanke laifin Nasara. Halas, ya isa haka, goge."

Kunya ta kama ni, haushin kaina ya fi na Bafaranshen. Na goge takalman da kananzir, na ɗauki mafi sirantar buroshina na ja jan layi a diddigen kowane soja, don Bafaranshen ya gani ya ji kunya shi ma.

Da na miƙa masa aikin, Bafaranshen ya sa gilashi ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce jinin nan ya yi kyau ƙwarai, abokansa za su so. Zai kawo mini wasu arba'in.