Sifanar da ta Ɓata a Aljihuna

A rumfar jiragen yaƙi inda nake aikin gyara akwai wani allo a jikin bango, wanda aka zana surar kowane kayan aiki da jan fenti a kansa. Sifana tana da zanenta, haka filaya da sukundireba. In ka ɗauki abu, zanen zai tsaya fayau har sai ka mayar. Doka ce: in abu ɗaya ya ɓata, jirgi ba ya tashi, kuma babu mai fita daga rumfar sai an gan shi, domin ƙarfe ƙarami da aka manta cikin inji ya isa ya kashe matuƙi a sama.

Wannan doka ba ta taɓa yi mini nauyi ba. Tun ina ɗalibi a Gwarzo ba ni da surutu, littattafaina a jere suke, kowanne da bangonsa na takardar siminti. A wurin mahaifiyata na gaji hakan. A madafinta da ke Durun, ludayi da muciya da maburgi kowanne yana da ƙusarsa, kuma ko da ido a rufe za ta miƙa hannu ta ɗauko. Shekara shida ina aiki ba a taɓa neman wani abu a hannuna an rasa ba.

Wata safiya ina ƙarƙashin fiffiken jirgi aka ce ana nemana a waya a ofis. Yayana ne. Ya ce jikin Inna ya matsa, tana ta tambayata, in da hali in taso yanzu. Sajen da ke shugabantarmu mutum ne mai tsanani, amma bai ja magana ba, ya samo mini izinin tafiya. Saura kawai a ƙirga kaya in fita.

Aka ƙirga, ƙaramar sifana guda babu.

Saje ya sa aka ja ƙofa. Muka sake buɗe duk murafen da muka rufe a jikin jirgin, muka leƙa da tocila, muka share ƙasa da hannu. Wani abokin aikina ya yi ta tsokana, wai duk wanda aka samu da ita sai ya haɗiye ta. Ni na fi kowa nema, ina jin haushin wanda sakacinsa ya tsare ni. Ko sau ɗaya ban zargi kaina ba. Da Saje ya ce kowa ya laluba aljihunsa, na taɓa na ƙirji da na gefe, na ce babu.

Har azahar ta yi ba mu gan ta ba. Muka shimfiɗa kwali a cikin rumfar muka tayar da salla. Da na zauna tahiya sai wani abu mai tauri ya tokare ni a ƙwauri. Akwai wani siririn aljihu a ƙasan ƙafar wandon aikinmu wanda ban taɓa sa komai a ciki ba. Ashe da aka kira ni waya, can na cusa ta ban sani ba.

Bayan sallama na miƙa wa Saje ita a gaban kowa. Na jira zagi. Ya juya ta a hannunsa, ya rataye ta a kan zanenta da kansa, ya ce, "Je ka, Allah ya ba ta lafiya."

Na sauka Gwarzo rana ta yi sanyi, na hau babur zuwa Durun. Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gidanmu, da maza zaune da ƙasar maƙabarta a ƙafafunsu. Inna ta cika ana kiran la'asar, aka kai ta ba da jimawa ba. Da na fita lokacin da aka ba ni izini, da na same ta tana magana.

Yayana ya riƙe hannuna ya ce kada in damu, kowa ya san aikin soja ba ya sakin mutum yadda yake so. Sannan ya ce, "Ta yi ta cewa a bar ƙofa a buɗe kana hanya, wai kai ba ka makara."

Ban faɗa masa ba. Har yau shi da ƙannena suna ɗora laifin a kan aiki, ni kuma ina yin shiru.

Bayan addu'ar uku na shiga madafinta neman ruwa. Mata sun kwashe kayan sun yi girkin baƙi da su, sun kife su a tsakar gida. Hayaƙin shekaru ya baƙanta bangon, sai wurin da ludayinta yake rataya ya rage fari, da surarsa sak. Na fita na nemo shi cikin kwanukan, na wanke, na mayar da shi kan ƙusarsa. Na daɗe a tsaye a wurin, har ƙanwata ta leƙo ta tambaye ni ko wani abu nake nema.