Mai Tsani da Sheƙar Shamuwa

Sati guda da saukar mulkin soja, kwana tara unguwar Jakara babu wuta. Ɗantani tela yana kallon wani ma'aikacin kamfanin lantarki a kan tsani, siriri mai furfura, da tabon ƙuna a hannu. Roba yake naɗa wa waya kusa da sheƙar shamuwa, a hankali, kamar mai yi wa jariri wanka. Ƙila a ƙauye ya tashi.

"Malam, wutarmu fa?"

"Sai na gama nan, Alhaji. Kamfani ya ce kada waya ta kashe shamuwa ko ɗaya."

Kan Ɗantani ya ɗaure. Shi ma ba ya taɓa shamuwa, ita ke albishir da damina. Amma shi ya sha rana a layin zaɓe, ga shi ita aka fara yi wa aiki.