Kajin Kumandan da Ba Su Sha Giya Ba

A gidanmu na Magariya, da an kwashe kwanukan tuwo bayan magariba, sai mu zagaye murhun kakarmu, Iya Mairo, tana gasa mana gyaɗa a toka. Mace ce mai faɗa, ga tsokana. In ka yi gyangyaɗi sai ta jefe ka da ɓawon gyaɗa. "Ga ta nan ta iso, ku matsa mata wuri!" Haka take buɗe tatsuniya. Ni kuwa kullum guda nake roƙo, ta kuku da matarsa.

Wai wani kuku ne mai dafa abinci a gidan kumandan, nasaran da ke mulkin garin a zamanin Turawa. Rannan madam, matar kumandan, ta ce manyan baƙi za su zo daga Damagaram, tana son kaji shida gasassu a tanderu, masu zaƙi-zaƙi da gishiri-gishiri, irin na ƙasarsu. Ta miƙa masa kwalbar giya, ta ce da ita ake jiƙa naman. Shi kuwa mutum ne mai salla, bai taɓa dafa abin da ba zai iya ɗanɗanawa ba. In ya ƙi a kore shi, kuma wanda ya bar gidan nasara a lokacin, aikin dole na hanya ke jiransa, inda maza ke tafiya ba duka ke dawowa ba.

Ya koma gida ya kasa cin tuwo. Matarsa ta ce, "Malam, ita giyar nan mene ne aikinta a cikin nama?" Ya ce ya ji ana cewa tsami da ɗan zaƙi. Ta ce, "Shi ke nan? Yo tsami ne ba mu da shi a garin nan?" A nan Iya kan buga cinya, mu kwashe da dariya.

Matar ta jiƙa tsamiya ta tace, ta zuba zuma, ta daka dabinon garin Waca da citta da masoro da albasa da gishiri. Ta ce ya shafe kajin tun da safe, in suna gasuwa ya riƙa ɗiban romon yana zuba musu har su yi ja suna ƙyalli. Baƙi suka cinye tas, har suna dangwalar romo da burodi. Madam ta shigo madafa don ta yaba, sai ga kwalbarta a rufe yadda ta ba shi. Ta daɗe tana dubansa. Can ta ce, "Gobe ma haka."

Mu dai lokacin yawu kawai muke haɗiya. Sai bayan Iya ta rasu, ina da 'ya'ya biyu, mahaifina ya ce mini, "Ke har yanzu ba ki gane ba? Kukun nan ai babana ne." Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Shekara da shekaru tana ba mu dariya da labarin yadda ta ceci mijinta, ba ta taɓa cewa "ni ce" ba. Kai, na jinjina wa tsohuwar nan! Har yau in zan yi manyan baƙi wannan kazar nake gasawa. In an yaba, sai in ɗaga murya kowa ya ji, in ce, "Ta Iya Mairo ce."