Gaisuwar da ta ci hoton girgije

Shekarar da damina ta yi jinkiri na sayi wata ƴar na'ura a kasuwar Tawa, girmanta bai wuce babban yatsa ba. Ana soka ta a ordinatar, wato kwamfuta, sai ta kama muryoyin da rediyon gida ba ya ji. Lojisiyel ɗinta, wato manhajar da ke sarrafa ta, kyauta ne, wasu bayin Allah da ban san su ba suka rubuta suka sakar wa duniya. Eriya kuwa da hannuna na haɗa ta daga tsohuwar wayar lantarki.

Abin da nake farauta shi ne tauraron ɗan adam mai ɗaukar hoton girgije. Yakan ratsa samanmu na ɗan lokaci, kuma dole in riƙe eriya ina bin sa, in ba haka ba hoton ya yanke.

Yayana na Bambeye ya yi shuka, rana ta ƙone ta. Irin da ya rage masa na shuka ɗaya ne. Na aika masa ya dakata sai na ga sama.

Ranar da zan ɗauko hoton kuwa, tauraro ya fara kuka a lasifika ke nan, sai ga sallamar yayana. Ƙane ba ya gaida wansa da hannu ɗaya yana kallon sama. Na ajiye eriya na durƙusa.

"Ina gajiya? Ina iyali? Ina ɗiyan? Ina zahi?"

Ina amsa lahiya lau, ina satar kallon eriya. Sai da ya tambayi kowa, har maƙwabcin da ya tashi bara.

Da na koma, hamada ta fito tsaf a hoton, amma wurin da yankinmu na Adar yake baƙi ne wuluk, daidai tsawon gaisuwarmu. Ya leƙa, fuskarsa ta washe.

"Wanga hadari ya yi baƙi. Alhamdu lillahi."

"Yaya, girgije fari yake fitowa a nan. Wannan baƙin ba kome ba ne."

"Mi kake hwaɗi? Tun ba a haihe ka ba nike ganin hadari."

Na rantse, na roƙe shi ya kwana mu sake gwadawa. Ya hau kabu-kabu ya tafi, washegari ya zuba irin duka a ƙasa. Ruwa bai zo ba sai da irin ya mutu.

Har yau abin yana cina. In mun haɗu yakan gaishe ni dalla-dalla, ba ya tsallake kowa, sannan ya ce, "To, ina maƙaryaciyar na'urar taka?"